Shawara ga masu koyar da 'yan mata a ikkilisiya

Salama 'yan'uwa, musamman malamai mata na Girls' Brigade (ƙungiyar 'yan mata ta ikkilisiya) da na makarantar Lahadi a nan Gombe.

In za ku koya wa yaranmu mata yadda za su kare kansu, ku rage dogon jawabi, ku bar su su gwada da hannunsu. A raba su uku-uku, kowane rukuni ya shirya ɗan wasan kwaikwayo.

Ku fara da gobarar kicin tunda hunturu ya shigo. Mai ya kama wuta a kasko: a kashe risho ko gas, a kifa murfi, ba a watsa ruwa. In zane ne ya kama, kada yarinya ta ruga, ta kwanta ta yi birgima. Su gwada a kan tabarma. Za su sha dariya, amma abin zai zauna masu. Ƙuna kuwa ruwan sanyi ake zubawa har minti 20, kada a sa manja, ɗanyen ƙwai ko man goge baki da aka saba shafawa.

Ku da ke Billiri da Kaltungo, don Allah kada ku tsallake saran maciji, kububuwa na yawa lokacin girbi. Ba ɗauri da igiya, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe da abin hannu, kada a bar wadda macijin ya sara ta yi tafiya da ƙafa, a ɗauke ta zuwa asibitin saran maciji na Kaltungo.

Kowacce ta haddace 112, lambar kiran gaggawa, da lambar wani babba a gida. Ku zagaya da su ƙofofin majami'a duka, ku nuna masu inda za a taru a ƙirga kai in wani haɗari ya faru. In an tashi koyon waƙa da yamma, su koma gida bibbiyu.