Yadda ake karanta alƙaluman kasuwancin gundumomin Amurka

Duk mai son sanin yawan wuraren kasuwancin da ke wata gunduma a Amurka, da adadin ma'aikatansu, da jimillar albashin da ake biyansu, zai sami amsa a rahoton County Business Patterns, wanda Hukumar Ƙidaya ta ƙasar take fitarwa duk shekara tun daga 1964. Ana samunsa kyauta a shafin data.census.gov.

A fara da zaɓen shekara da yanki, ko jiha ce ko gunduma, sannan a zaɓi sana'a ta hanyar lambar NAICS, wato tsarin rarraba sana'o'i da lambobi na Arewacin Amurka. Lambar tana faɗaɗa ne daga alƙalami biyu zuwa shida: 72 ta haɗa masaukai da wuraren sayar da abinci baki ɗaya, ita kuwa 722511 ta keɓe gidajen abincin da ake kawo wa mutum a teburinsa.

Samo jadawalin abu ne mai sauƙi, fahimtarsa ce ke buƙatar natsuwa. Abin da ake ƙirgawa wuri ne ba kamfani ba, saboda haka bankin da ke da rassa goma a gunduma ɗaya zai fito a matsayin wurare goma. Su kuma ma'aikata, ana ƙirga waɗanda sunansu ke cikin takardar albashi a makon da 12 ga Maris ta faɗo a cikinsa, ba tare da bambanta mai aikin yini da mai aikin 'yan sa'o'i ba. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin sukan raba albashin shekara da wannan adadi su ce sun sami matsakaicin albashi. A garin da ke bakin teku, inda otal-otal ba sa ɗaukar ma'aikata da yawa sai lokacin zafi, wannan lissafi zai kumbura fiye da gaskiya. A ganina ya fi dacewa a yi aiki da albashin watanni ukun farko na shekara, wanda rahoton ya kawo daban, tunda shi ne ya yi daidai da lokacin ƙirgar. A kuma tuna cewa ana rubuta kuɗin ne da dubban daloli.

Rahoton bai ƙunshi masu sana'ar kansu da ba su da ma'aikaci ba, ko masu aikin gona, ko ma'aikatan jirgin ƙasa, ko masu aikatau a gidaje, ko akasarin ma'aikatan gwamnati. Masu sana'ar kansu suna da nasu rahoton, wato Nonemployer Statistics.

Wanda zai kwatanta shekaru ya lura cewa daga 1998 aka koma tsarin NAICS, don haka rukunan da suka gabaci wannan shekara ba sa haɗuwa kai tsaye da na bayanta. Haka kuma, domin kare sirrin 'yan kasuwa, hukumar takan ɗan jirkita alƙaluma da gangan, kuma daga bayanan 2017 ba ta wallafa rukunin da wurarensa ba su kai uku ba. Idan wata sana'a ba ta bayyana a ƙaramar gunduma ba, a koma lamba mai alƙalami biyu ko uku a sake dubawa.