Yadda ake nutso zuwa jiragen ruwan zamanin yaƙi da ke ƙasan Bahar Maliya

Ƴan uwa a Yamai sun dame ni da tambaya, wai ta yaya ɗan Nijar da ƙasarsa ba teku zai kai ga jirgin da ya nutse tun yaƙin duniya na biyu. To ga hanyar.

Ka iya iyo tukuna, ko a pisin ɗin otel ne nan Yamai. Sannan ka je Hurghada ko Sharm el-Sheikh a Masar ka yi kwas ɗin farko na PADI ko CMAS (ƙungiyoyin koyar da nutso), iyakarsa mita 18 zuwa 20. In ka ƙara mataki sai Thistlegorm, jirgin Ingila da jiragen saman Jamus suka nutsar ran 6 ga Oktoba 1941, yana kwance a mita 30, babura BSA da motocin Bedford na jere cikin cikinsa, har zanen tayoyin kana gani da tocila. Mutum 9 suka mutu wurin, don Allah kar ka ɗauki ko ƙusa.

Rosalie Moller kuwa, jirgin dakon kwal da aka nutsar kwana biyu bayan haka, yana wajen mita 50, nan sai mai takardar nutson tek, wato nutso mai zurfi na ƙwararru. Kowane mita 10 ruwa na ƙara danne ka da bar 1 (ma'aunin matsi), a mita 50 bar 6 kenan in an haɗa da bar 1 na iskar sama, butel ɗin iskar da zai kai ka awa guda a sama minti 10 zai yi maka. Ga azot da ke cikin iskar nan tamu, daga mita 30 yake fara juya kai kamar maye, ka kalli agogonka ka kasa gane lambar, shi ya sa ake zuba eliyom (wata iska mara nauyi) a haɗin iskar butel, trimiks kenan.

Amma ni abin da nake so ku riƙe shi ne hawowa. Azot ɗin ya riga ya shige jini, in ka taso da gaggawa zai yi kumfa kamar kwalbar lemu da aka girgiza aka ɓalle marfi, kumfar ta tsaya a gaɓoɓi ko laka, mutum ya shanye. Dole a tsaya mataki mataki, mita 21, 9, 6, kana riƙe da igiya kana sauya butel, wani lokaci tsayuwar ta fi zaman ƙasan daɗewa. Tun kan kwalekwale kai da abokin nutsonka za ku rubuta mintocin nan, iskar kuma a kasa ta uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fitowa, ɗaya ajiya.

In za ka shiga cikin jirgin ka ja zare daga ƙofa, tocila biyu, kuma a hankali da ƙafa, taɓo da tsatsa na tashi ko tafin hannunka ba ka gani.

Tikitin komowa Yamai ka yanke shi sai bayan awa 24 da nutson ƙarshe.