Kuɗin shara a gidan shotlet: yadda za ka fita ba a cinye maka koshin ba

Bara da bikin ƙanwata muka kama wani gidan shotlet, wato gidan haya na 'yan kwanaki, a unguwar Gwarinpa ta Abuja na kwana huɗu saboda 'yan uwa da suka taho daga Kano da Zariya, gida mai kyau wallahi ba laifi, sai da muka zo tafiya manajan ya ce ba zai dawo mana da kuɗin koshin ba, wato ajiyar da muka bayar ko da za a yi ɓarna, wai mun bar gidan kaca-kaca. Lallen ƙunshi ya ɓata zanin gado biyu, wannan kam gaskiya ne, 'yan mata sun kwanta da shi bai gama bushewa ba. Amma har da wani ƙonon kafet a falo ya lissafa mana, wanda tun ranar da muka shiga na gan shi da idona, sai dai ba ni da hoto, ba ni da komi sai bakina. Har yau abin na min ciwo, shi ya sa nake so ku san waɗannan abubuwan kafin ku tura kuɗi.

Da farko dai ku gane kuɗi biyu ne, kuma haɗa su da ake yi shi ne tushen rigimar. Akwai kuɗin shara, wanda ka biya ya tafi kenan, na mai aikin da za ta zo ta wanke banɗaki ta canza zanin gado ta goge ƙasa bayan ka fita. Sai kuma koshin, wannan ajiya ce, kuɗinka ne, ana riƙewa ne ko da za ka fasa wani abu ko ka lalata. To idan ka riga ka biya na shara sannan aka zo aka yanki koshin ɗinka saboda ƙura ko kwano biyu a wurin wanke-wanke, sau biyu aka caje ka kan abu ɗaya.

Don haka kafin ka yi tiransifa ka tambaya a rubuce, ba a waya ba: nawa ne kuɗin shara, yana cikin farashin ko daban yake, nawa ne koshin, me da me ke sa a taɓa shi, kuma bayan kwana nawa ake dawo da shi. Ko ta WhatsApp ne ya isa, ka dai ajiye amsar. Idan ta hannun ejan ka samu gidan ka tabbatar wa ke riƙe da koshin ɗin, shi ko mai gida, don ranar karɓa kowa zai ce ka je wurin ɗayan.

Ranar shiga kuma dan Allah kar ka fara shigo da akwatuna. Kunna kyamarar waya ka zaga gidan a hankali, ɗaga filo, duba katifa, buɗe firij, haska kafet da labule da bayan kujera, ka ƙirga tawul da kofuna da rimot. Minti biyar ne. Ka tura wa manajan bidiyon nan take, ka rubuta masa ga ƙonon da na tarar a falo, ga famfon da ke ɗiga. Ranar fita ma haka, in da hali ka sa ya zo ku zaga tare kafin ka miƙa makulli.

Mu kuma mu ji tsoron Allah, akwai abubuwan da mu ne muke jawowa. Kaskon turaren wuta a kan kafet, garwashin shisha, manja a jikin bangon kicin, lalle da dilka a farin tawul, waɗannan ba sharar yau da kullum ba ce, ɓarna ce, kuma mai gida na da haƙƙi. Ku zo da tsohon zani na ranar ƙunshi, ku ɗora kasko a kan tayil. Kuma gidan da aka ce mutum shida kar mutum ashirin su kwana a ciki.

Wanda ya kama gida ta Airbnb, manhajar kama masauki ta intanet, yana da ɗan sauƙi don akwai ƙa'ida. Idan ka tarar da gidan da datti kana da awa 72 ka kai ƙorafi da hotuna, shi ma mai gida in yana neman diyyar ɓarna sai ya shigar cikin kwana 14 da fitarka, ta cikin manhajar, ba wai ya kira ka ya ce turo kaza ba. Kar ka yarda a ja ka waje da manhajar, duk maganar da ba ta ciki kamar ba a yi ta ba ce. Rigimar nan ta yi zafi a Amurka har shugaban kamfanin Brian Chesky ya fito a 2022 ya ce bai kamata a sa baƙo ya cire zanin gado ko ya yi wanki ko share ɗakuna kafin ya tafi ba, kashe fitila da zubar da ragowar abinci da kulle ƙofa sun isa. A 2025 kuma suka koma nuna wa kowa jimillar farashi har da kuɗin shara tun wurin neman gida.

In an riga an riƙe maka kuɗi, kar ka fara da zagi. Ka ce a turo maka hoton ɓarnar da risit na gyara ko na wanki, a cire daidai wannan a ba ka canjinka. Zanin gado biyu ba zai cinye koshin gaba ɗaya ba. In ya ƙi, ka haɗa alat ɗin banki da hirarku da bidiyon ka kai ƙorafi FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, hedikwatarsu na nan Abuja kuma ana shigar da ƙorafi ta shafinsu na intanet.

Masu gida ku ma ku rubuta dokokinku ɓaro-ɓaro tun kafin a biya, ku ɗauki bidiyon gidan bayan mai shara ta gama, in ba a ɓata komi ba ku dawo wa mutum da kuɗinsa a ranar da kuka yi alƙawari ba sai ya yi ta kiran waya ba.