Yadda Ake Sarrafa Ɓawon Lemun Zaƙi a Gida

A ƙauyukanmu awaki ake bar wa ɓawon lemun zaƙi, alhali yana ɗauke da sinadarin bitamin C. Da farko a wanke lemun sosai kafin a fere shi, domin ƙura da maganin feshi a jikin ɓawon suke maƙalewa. Sai a yayyanka ɓawon ƙanana, a shanya a faifai cikin inuwa mai iska, a lulluɓe da mayafi saboda ƙudaje. Hunturu ya fi dacewa da wannan aiki, don da damina yakan yi funfuna, wanda ya yi kuwa zubarwa ake yi. Idan ya bushe har yana karyewa ƙas, a daka a turmi, a tankaɗe, a adana a kwalba mai murfi. Rabin ƙaramin cokali ya ishi kofin shayi mai citta.