Daga Faifan Garmaho Zuwa Kwamfuta: Inda Ake Kuskure Wajen Rage Hayaniya

A gidaje da dama na Zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Alabar, ba a rasa tsohuwar adaka mai ɗauke da faya-fayan garmaho na kakanni, masu nauyin nan da ke tarwatsewa idan sun faɗi. Samarinmu sun fara fito da su suna kwashe sautinsu zuwa kwamfuta, kuma abin yana faranta min rai ƙwarai. Sai dai akasarin abin da ake turo min in saurara, ko dai hayaniya ta danne waƙar, ko kuma an kashe hayaniyar an haɗa da muryar mawaƙin. Tushen matsalar ɗaya ne: an sakar wa manhaja aikin da hannu ya kamata ya yi tun faifan bai fara juyawa ba.

A fara da wanki. Faifan nan ba roba ba ne irin na LP, wato faifan da ya zo daga baya mai ɗaukar waƙoƙi da yawa. Da shalak ake yin sa, wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, a cakuɗa shi da garin dutse. Garin dutsen nan ne ke ba shi "shuuu" ɗinsa na asali, wanda babu wankin da zai raba shi da shi. Sifirit kuwa narkar da shalak yake yi. Duk wanda ya goge faifan da sifirit, ko sanitaiza, ko ruwan goge LP mai sifirit a ciki, ya ƙara masa hayaniyar da ba ta da magani har abada. Abin da ake buƙata shi ne tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba mai asid ba, da ɗigon sabulun wanke-wanke. A bi zanen faifan a zagaye da burushi mai laushi, a ɗauraye, a tsane da kyalle mai tsabta, a jingine shi a inuwa ya kwana. Kada a jiƙa shi a kwano, domin wasu faya-fayan akwai takarda a tsakiyarsu, ruwa na shiga sai su kumbura. Kada kuma ruwa ya taɓa takardar sunan. Ƙurar hunturu da fumfunar daminar Kumasi suna maƙalewa can cikin zanen, kuma fitar da su kaɗai yana rage ƙas-ƙas sosai.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne na allura. Wani ɗan yayata ya taɓa ce min, "Kawu, ai garmahon Alhaji na nan da ransa, me zai hana mu ɗora faifan mu kara waya?" Na ce masa, "Ɗana, kan garmahon nan ya haura giram 100, allurarsa kuma ƙarfe ce da aka yi don ta bi gefe ɗaya a jefar. Duk ɗorawa ɗaya, yana cin faifan." Ga shi wayar za ta kwashe ƙarar injin da hayaniyar unguwa. Garmahon ya ci gaba da zamansa na kayan gado, faifan kuwa a ɗora shi a na'urar zamani mai gudun 78, wato zagaye 78 a minti ɗaya, wadda kanta ke sauka da nauyin giram 3 zuwa 5.

Amma ko an sami na'urar, da sauran rina a kaba. Yawancinsu da allurar LP suke zuwa, mai bakin mil 0.7, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Zanen faifan shalak ya fi na LP faɗi nesa ba kusa ba, allurarsa tana kai mil 2.5 zuwa 3. Sautin yana jikin bangwaye biyu na zanen ne. Siririyar allura ba ta cika tsakaninsu, sai ta nutse ƙasa inda datti ya taru, tana tangal-tangal. Abin da za ka ji shi ne siririyar murya da hayaniya mai yawa, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da allura ba ta taɓa ba. Masu adana sauti har girma-girma suke ajiyewa, daga mil 2 zuwa 3.5. Dalili kuwa, allurar ƙarfe ta da ta cinye bangon a wani tsayi, don haka wadda ta ɗan fi kauri takan zauna sama da wurin da ya ci, ta sami bango mai lafiya. Wanda bai da halin sayen da yawa, ya nemi ta mil 3 ɗin, kafin ya kashe ko sidi ɗaya a kan manhaja.

Idan kana jin gunji mai kauri tun allura ba ta sauka ba, wannan ba laifin faifai ba ne, na wuta ne.  Ɗaura 'yar igiyar wutar nan ta na'urar da ake kira "ground", ka cire cajar laftof ya yi aiki da batir, galibi shi ke nan.

Wajen ɗauka, mutane na cewa tunda tsohon faifai ne, MP3 ya isa. Bai isa ba. A ɗauka a WAV, tsarin fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti, a saita shi kan 24 bit, 96 kHz, kamar yadda ɗakunan adana sauti ke yi. A kuma ɗauka da layi biyu, hagu da dama, ko da yake waƙar layi ɗaya ce. Kowane layi yana karanta bango ɗaya, kuma sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya cinyewa. Daga baya sai ka zaɓi mai kyan, ko ka haɗe su, haɗewar ma tana soke wani ɓangare na hayaniyar.

Akwai abin da ba kowa ya sani ba. Akwatin ƙara sauti na na'urorin yanzu yana gyara sauti ne bisa ma'aunin RIAA, wato tsarin daidaita sautin ƙasa da na sama na bai ɗaya, wanda aka tsayar a 1954. Kafin nan kowane kamfani da nasa. Faifan Zonophone da Kumasi Trio suka ɗauka a Landan a 1928 bai san RIAA ba, kuma ma'auninsa daban yake da na faya-fayan Decca na E.T. Mensah na shekarun 1950. Idan aka bi da tsohon faifai ta RIAA, sautin ƙasa yakan yi kauri, na sama ya dushe. Mutum sai ya ji hayaniya ta ragu ya yi murna, alhali kaifin jita ne ya tafi. A manhajar gyaran sauti ta Audacity ana iya ɗauko ma'aunin RIAA a Filter Curve EQ, a danna Invert a warware shi, sannan a nemi wanda ya dace da kamfanin da zamanin. Wanda na'urarsa ba ta da 78 ya ɗauka a gudun 45, shi ma sai ya warware RIAA kafin ya ƙara gudun.

Yanzu ne aka zo kan manhaja, kuma jeri yana da muhimmanci. Ƙas-ƙas ake fara cirewa, tun layukan biyu suna rabe, domin a lokacin ne suke da kaifin da manhaja za ta gane su. Sannan a haɗe, a daidaita ma'auni, "shuuu" ya zo ƙarshe. Masu farawa da Noise Reduction, wato sashen rage "shuuu", suna dakusar da ƙas-ƙas ɗin ne kawai, ya zauna daram. A nan ma a yi hattara da kiɗanmu. Bugun kalangu, tafi, da 'yan sandunan da ake ƙwanƙwasawa a kiɗan hailaif duk suna da kaifi, Click Removal kuma, wato sashen cire ƙas-ƙas, idan aka matsa masa yakan ɗauke su a matsayin ƙas-ƙas ya gutsure kansu. Manyan "tas" na tsaguwa gara a bi su ɗaya-ɗaya da Repair, wanda ke ɗinke ɗan guntun sauti ƙanƙani a lokaci guda. Aiki ne mai cin lokaci, amma gefen faifai mai inci 10 kusan minti 3 ne kacal.

Shi kuwa Noise Reduction, a nan ne waƙoƙi da yawa suke mutuwa. Ana so a ji shiru tsit irin na sabuwar waƙa, sai a tura shi ƙarshe, muryar ta koma wani gurgur mai ƙarar ƙarfe, numfashin mawaƙin da amon ɗakin duk su ɓace. Tamkar mai sheƙa ne da ya zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi. Fara da saita ragin a kan 6 dB. Sannan ka zaɓi Residue, wanda zai jiyar da kai abin da ake cirewa kaɗai. Idan ka ji kalma ko kiɗa a ciki, ka wuce gona da iri, sai ka sassauta. Ka lura kuma hayaniyar bakin faifai daban take da ta kusa da tsakiya, don haka samfurin hayaniyar da ka nuna wa manhaja daga farkon faifan ba lallai ya dace da ƙarshen ba. Ni dai na fi son waƙar da ke da ɗan "shuuu" amma muryar tana nan cikakkiya, domin kunne yana sabawa da shi kafin a gama baitin farko.

Ɗaukar farko, wadda ba a taɓa ba, a ajiye ta daban a wuri biyu, a yi gyara a kan kwafi. A ɗauki hoton takardar sunan, a rubuta lambar da aka hatimce a filin da ke tsakanin ƙarshen zanen da takardar, domin da ita masu bincike ke gano lokacin ɗauka. Faifan da ya tsage kuma kada a ɗiga masa gam, zai malala cikin zanen ya bushe. A sa shi tsakanin kwali biyu a kwance, a tuntuɓi masu wannan aiki, kamar ɗakin adana sauti na J.H. Kwabena Nketia da ke Jami'ar Gana a Legon, ko gidan tarihin faya-fayan garmaho da Kwame Sarpong ya kafa a Cape Coast a 1994.