Yadda za ka ci gaba da hadda bayan zumuɗin azumi ya wuce

Kowa gwani ne a watan Ramadan. Gwajin yana zuwa ne bayan Sallah, sa'ad da kasuwar Wunti da ke Bauchi ta dawo da hayaniyarta, jiki ya yi nauyi.

Ni dai ban jiran nishaɗi ya zo. Na ɗaure karatuna a jikin sallar Asuba: ana sallamewa, ban tashi daga sahu ba sai na biya rabona. Waya tana gida. Idan tana aljihu, WhatsApp zai cinye lokacin.

Ka rage rabon har ya ba ka kunya. Mus'hafin bugun Madina shafi 604 ne, galibi layi 15 kowane shafi. Layi biyar a rana shafi guda ne cikin kwana uku, ka ga wajen shekara biyar ke nan ka sauke in kullum kana ƙara sabo, ko wajen bakwai in kana ware kwana biyu a mako don tilawar baya. Da nisa, na sani, amma mai ɗaukar shafi biyu kullum yakan ajiye kafin Babbar Sallah. Ranar da ka gaji tiɓis, ko sanyin hunturu ya hana ka sakewa, biya layi ɗaya, kada dai ranar ta tafi a banza.

Sannan ka samu mai sauraronka. Nawa wani dattijo ne mai sayar da goro kusa da rumfata, in ya ce, "Ɗana, ina na jiya?" ba ni da bakin kawo uzuri.

Alhamis da Juma'a kar ka ƙara sabo, tilawar baya kawai. In ka yi fashi, ka ɗora daga inda ka tsaya, ba sai ka rama ba.