Idan ciwo ya tashi bayan gashi: kurakuran da muka fi yi

Na daɗe ina fama da ciwon baya mai sauka har ƙafar hagu. Ranar da aka fara yi mini gashi a asibiti, wato gashin ƙashi da motsa jikin da likita ke sa mai ciwo ya yi, lafiya ƙalau na fito, na tari Keke Napep na koma gida Tudun Wada. Washegari da asuba na kasa sunkuyawa in wanke ƙafa wajen alwala. Na ce da maigidan, "Malam, wallahi ƙara ɓata ni suka yi." Daga nan ban sake taka wurin ba sai bayan wata uku, kuma a watannin nan babu abin da na ƙaru da shi sai sanƙarewar jiki.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ya fi cin rai: a bar gashi gaba ɗaya a kwanta. Naman jikin da ya daɗe bai yi aiki ba, idan aka motsa shi dole ya yi tsami. Tsamin kan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya yi ƙarfi a rana ta biyu ko ta uku, sannan ya sauka da kansa. Ga mai daɗaɗɗen ciwo kuma akwai ƙari, domin jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo sun riga sun tsorata. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka jikinmu yake, ɗan motsi kaɗan sai ya ɗauka wani sabon rauni ne, alhali sau da yawa babu abin da ya yage ko ya goce. Kwanciya kwana da kwanaki tana ƙara raunana naman jiki, idan aka tashi kuma ciwon ya fi na da. Abin da ya yi mini amfani shi ne ragewa. Motsin da aka ce in yi sau 10, ranar da ciwo ya tashi nakan yi 5 ko 3, in ɗan zaga tsakar gida, in ƙara kaɗan kaɗan idan jiki ya lafa. Salla ma a zaune nake yi a irin ranakun nan, addini ya ba da wannan sauƙin, babu dalilin da mutum zai cije ya yi ruku'u yana hawaye.

Kishiyar wannan kuskuren ita ce yin aiki fiye da kima ranar da aka tashi da sauƙi. Mu mata mun fi kowa wannan laifin. Ki ji jiki sakayau, sai ki kwaso wankin mako biyu, ki share tsakar gida da gajeriyar tsintsiya, ki shiga Kasuwar Barci, da yamma ki leƙa gidan biki a Unguwar Sanusi. Kwana uku ba ki tashi ba, sai a ɗora wa gashin laifi. A raba aiki, a huta tun ciwo bai ce a huta ba. Ranar gashi kuwa kada a haɗa ta da cefane ko doguwar tafiya, girgizar Keke kaɗai ta ishi baya.

Sai kunya. Likitan gashi ya tambaya, "Hajiya, ya jikin?" a ce masa, "Da sauƙi, Alhamdu lillahi," alhali daren jiya ba a runtsa ba. Godiya ga Allah daban, bayanin ciwo daban. Shi da ya ji da sauƙi sai ya ƙara nauyin motsin, domin da amsarki yake auna abin da zai ba ki. Ni yanzu ina da ɗan littafi a gefen gado. Ina rubuta ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10 kafin gashi, da daren ranar, da kuma washegari da safe, in ƙara da abin da na yi a gida. Idan ciwon bai koma yadda yake ba bayan kwana ɗaya ko biyu, alama ce an yi wa jiki yawa, sai a rage. Wannan littafin ya fi kowane dogon bayani da zan yi da baki.

Maganar magani kuwa tana ba ni tsoro ƙwarai. A aiki yaro kemis ya karɓo haɗi a ƙullin leda, ba a san me ke ciki ba. Diclofenac da ibuprofen da piroxicam duk dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya jawo gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga ko sikila. Paracetamol ma yana da iyaka: babban mutum kada ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, mai ciwon hanta kuwa ƙasa da haka. Tramadol ba abin sha ba ne sai likita ya rubuta. Tun kafin ciwo ya tashi ya kamata a zauna da likita a san me za a sha a ranar, da nawa.

Ruwan ɗumi a gora yana sassauta tsamin jiki, minti 15 zuwa 20, a naɗe gorar da tawul. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara rasa ji ya yi hattara, zai iya ƙonewa bai sani ba. Ƙanƙara tana taimakon gaɓar da ta kumbura, amma ban da mai sikila, domin sanyi na daga cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo. Shi ɗumi yake so da shan ruwa sosai, balle da hunturu, lokacin da sanyin asubar Kaduna ke shiga har ƙashi. Kuma don Allah kada a kira mai tausa ya danne wurin da ƙarfi, ko wanzami ya kafa ƙaho a kan bayan da aka gasa jiya, wai don a cire mataccen jini.

Akwai ciwon da ba na jira ba ne. Idan fitsari ko bayan gida ya kuɓuce ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓi, ko ƙafa ta soma ja da ƙasa, asibiti za a nufa a take. Haka idan sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko aka ji ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ko zazzaɓi ya zo tare da gaɓa mai kumburi. Ko tsakar dare ne a nemi abin hawa, a nufi asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho a nan Kaduna ko duk wanda ya fi kusa, a tafi da katin asibiti da magungunan da ake sha.